Hujjar da Waziri Ya Haɗiye

An ruwaito a wani tsohon littafi da na gada a gafakar kakana, wanda gara ta ci gefensa har ta haɗa da sunan marubucin, cewa an yi wani birni a bakin hamada ana ce masa Kulfana. Kada wani ya ɗaura sirdi ya ce zai je nemansa. Ni ma na tambayi fatake har suka gaji da ni, ba wanda ya san inda yake. Abin da na karanta shi zan faɗa, wanda ya ga gyara ya gyara.

Mutanen Kulfana suna da wata al'ada da suke kira musayar buzu. Idan babbar magana ta taso a fada, Sarki ba ya yanke hukunci sai an shimfiɗa buzu biyu a gabansa, baƙi da fari. Mai ƙara ya hau baƙi, mai kariya ya hau fari, su yi ta muhawara tun daga hantsi har azahar. In an sallaci azahar sai su yi musaya, kowa ya koma buzun ɗan'uwansa, ya ɗauki maganar abokin jayayyarsa ya kare ta iyakar ƙarfinsa kamar tasa ce. Kafin su hau kuwa, sai kowa ya rantse ba zai ɓoye hujjar da ta zo masa ba. Da la'asar Sarki ya tambayi kowannensu, "Yanzu ina zuciyarka ta tsaya?" Sannan ya yi hukunci.

An ce a zamanin Sarki Armaya'u akwai wani tsohon waziri, sunansa Ukashatu, wanda ya yi wa mahaifin Sarkin hidima tun da ƙuruciyarsa. Shekara arba'in yana hawa buzu, ba a taɓa jin ranar da la'asar ta yi ya ce zuciyarsa ta sauya ba. Maroƙa har kirari suke yi masa, suna cewa, "Dutsen Kulfana, ruwa ya bi ta gefenka!" To amma dutse ma yana tsufa. Waziri ya kai ga sai an kama shi yake hawa doki, Sarki ya fara duba wanda zai gaje shi.

Ana nan sai aka kawo maganar majema, ko a tashe su daga bakin tafkin gari saboda wari, ko a bar su. Magatakardan Sarki, wani dattijo mai sanyin murya ana ce masa Ɗalhatu, shi ya hau baƙin buzu yana cewa a tashe su. Ya yi magana da safe har kowa ya ce majema sun gama yawo. Da aka yi musaya ya hau fari, sai ya tono wa majeman hujjojin da su kansu ba su san suna da su ba. La'asar ta yi, Sarki ya tambaye shi, ya faɗi ya yi gaisuwa ya ce, "Allah ya ba ka nasara, da safe ina kan kuskure. A bar su inda suke, a haƙa musu magudana." Yana faɗa yana murmushi, sai ka ce wanda aka yi wa kyauta.

Fada ta ɗauki dariya. Wani bafade ya ce, "Ɗalhatu mazari, ba a san gabanka ba!" Ka san fadawa, in suka sami nama ba sa barin ƙashi.

Sarki ya ɗaga hannu aka yi tsit. Ya ce, "Ga tambaya, wanda ya amsa ta daidai yana da riga. Wa ya fi cancanta ya zauna a damana, wanda shekara arba'in ba a gusar da shi daga maganarsa ba, ko wanda yini guda ya juya shi?"

Kowa ya ce ai wannan ba tambaya ba ce, ga Waziri nan zaune. Shi kuwa Waziri Ukashatu ya sunkuyar da kai, ya daɗe bai ɗago ba. Da ya ɗago sai aka ga gemunsa ya jiƙe. Ya ce, "Zaki, a ba ni amana in ba da wani labari. In na gama, rigar a ba wanda ta dace da shi, ni kuwa a yi mini abin da aka ga dama."

Sarki ya ce, "An ba ka. Faɗi, Waziri."

Waziri ya ce:

"Allah ya ja zamaninka. Ina da wani aboki tun muna makarantar allo, sunansa Sallau. Ni na bi fada, shi ya bi fatauci har ya zama madugu, mai jan ayarin gishiri na mahaifinka, Sarki Ishaƙa, Allah ya jiƙansa. Ba abin da ya haɗa mu kamar gardama. Mukan zauna gindin tsamiyar ƙofar gidansu mu ɗauko maganar da ba ta da kai ba ta da gindi, ko raƙumi ya fi jaki haƙuri, ko mai mantuwa ya fi mai tunawa jin daɗin duniya. In na kayar da shi sai ya ce mu juya, in ɗauki tasa ya ɗauki tawa. Furarmu takan tsinke a ƙwarya ba mu sani ba. Wallahi, Zaki, ban taɓa sanin wani daɗi a duniya kamar lokacin da hujja take faɗo mini ba, ko da kuwa ni za ta kayar.

"Da na shiga fada na fara cin muhawara, aka fara yi mini kirari, sai abin ya sauya ban lura ba. Na daina tunani, na koma gadin sunana. In na hau buzun abokin jayayya sai in ɗaga murya in cika fada da amo, in kawo masa hujjojin da na san zan iya rushewa, masu ƙarfin kuwa in bi ta gefensu. Mutane suna cewa ba a iya kayar da ni. Ina za a kayar da wanda bai taɓa shiga kokawar ba?

"Shekara ashirin da shida ke nan, Madugu Sallau ya fita da ayari, mutum ɗari uku da raƙumansu. Da suka isa Rijiyar Gawo sai ya ga guga ya ƙara cin igiya gaba biyu, ruwan kuma ya yi ɗanɗanon kanwa. Daga nan zuwa rijiya ta gaba, wadda ake kira Ƙaho, kwana biyar ne, bayanta kuma kwana shida babu ko ɗigo. In aka je aka tarar Ƙaho ta ƙafe, ba gaba ba baya. Sallau ya kwana biyu yana shawara da zuciyarsa, sannan ya juyo da ayarin gida, ko mangul ɗaya na gishiri babu.

"Shekarar nan gari ya sha miya lami. Mata suna zaginsa a bakin murhu, yara suna yi masa waƙa a titi. Mahaifinka ya fusata, ya ce a shimfiɗa buzu, in an tabbatar tsoro ne ya juyo shi a tuɓe shi a kore shi daga ƙasar. Aka ce ni zan hau baƙi. Da labari ya kai wa Sallau sai ya ce, 'Alhamdu lillahi. In dai akwai hujja a gare ni, ko a ƙarƙashin ƙasa take, Ukashatu zai tono ta.'

"Da safe ba shi da abin faɗi sai cewa ruwa ba ya sauya ɗanɗano banza. Ni kuwa na ce Ƙaho ta shekara ɗari ba a ji ta ƙafe ba, na ce ciwon wata rijiya ba ya kama wata, na ce madugun da zai juya saboda ɗanɗano a harshensa gara ya zauna gida ya riƙa ɗanɗana wa mata miya. Fada ta yi dariya, na ji daɗi.

"Aka yi azahar, muka yi musaya. Ina zama kan farin buzu, ban ko gyara riga ba, sai wani abu ya faɗo mini. Wata guda kafin ayarin ya tashi, masu tsaron ƙofa biyu sun zo gabana da rigima a kan wa zai sauke Abzinawa masu dabino. Kowace shekara ta Ƙofar Arewa suke shigowa, don hanyar Ƙaho suke bi. A shekarar nan kuwa ta Ƙofar Yamma suka ɓullo, hanyar da ta fi nisa da kwana goma sha biyu. Ni na raba rigimar da bakina, na manta. To wane Ba'abzine ne zai ƙara wa raƙuminsa kwana goma sha biyu in da ruwa a Ƙaho?

"Zaki, na ji daɗin nan na gindin tsamiya ya dawo mini, wanda na yi shekaru ban ji ba. Na buɗe baki zan faɗa. Sai na hango maroƙina a bakin zaure ya gyara tsayuwa yana jiran la'asar. Na ce a raina, in na faɗi wannan, yau dutse ya gusa. Na haɗiye ta, da rantsuwata da komai. Na yi ta zuba cewa Sallau mutumin kirki ne, a duba hidimarsa, a yi masa rahama. Maganar da ba ta ceton kowa.

"Shi kuwa da ya hau baƙin buzu, bai ji tausayin kansa ba ko kaɗan. Ya kawo abin da ni ban ma yi niyyar taɓawa ba. Ya ce shekara biyu kafin nan ƙishirwa ta kashe ƙanensa a wata hanya, shi ya binne shi da hannunsa, wataƙila fuskar ƙanen ya gani a Rijiyar Gawo ya ce kanwa ce. Da la'asar ta yi aka tambaye ni, na ce ina nan inda nake. Aka tambaye shi, ya dube ni, ya ce, 'Ranka ya daɗe, zuciyata ta koma wajen Waziri. Da ina da hujja da ya samo ta. Tsoro ne ya juyo ni.'

"Aka kore shi. Da shekara ta zagayo damina ta yi kyau, sabon madugu ya je ya tarar Ƙaho cike, kowa ya ce to ga shi nan. Ni kaɗai na ja shugaban Abzinawan nan gefe na tambaye shi. Ya ce, 'Ƙaho? Ai bara ko tsuntsu bai sha a can ba.' Mutum ɗari uku Sallau ya dawo wa garin nan da su da ransu. Wasunsu ga su nan zaune a fadar nan, wasu 'ya'yansu ne. Wannan shi ne dutsen da kuke yi wa kirari."

Nan Waziri ya dasa aya. Littafin ya ce fadar ta yi tsit har ana jin kukan kurciya a kan soro, bafaden nan mai maganar mazari kuwa ya rasa inda zai sa idonsa, don ubansa yana cikin ayarin.

Sarki Armaya'u ya dubi tsohon. Sannan ya ce, "Ka amsa tambayata, amma riga ba taka ba ce." Ya sa aka yafa wa Ɗalhatu, ya ce daga yau shi ne zai zauna a damansa. Ya juyo ga Ukashatu ya ce, "Na ba ka amana, ba zan taɓa ka ba. Madugun yana da rai?"

Ya ce, "Ina jin labarinsa wurin fatake. Yana wani ƙauye a bakin kogi, bayan iyakarmu, ana ce masa Tungar Kaba."

Sarki ya ce, "To ba manzon da zan aika sai kai. Ka ɗauki farin buzun, ka je ka ƙarasa muhawararka. Ka tafi masa da doki da alkyabba, ka ce gidansa da sarautarsa suna jiransa."

An ce kwana tara Ukashatu ya yi a hanya, ana ɗora shi ana sauke shi. Ya isa Tungar Kaba da hantsi, ya tambayi gidan Madugu Sallau, ba wanda ya gane. Sai da wata mai tallan kifi ta ce, "Ko Sallau Mai Juyawa kake nufi, mai igiya? Ga shi can gindin ɓaure."

Ya tarar da wani tsoho ya miƙe ƙafa, ya maƙale kaba a babban yatsa yana tufka. Ya yi sallama. Tsohon ya amsa, ya kare ido da hannu ya dube shi, sai ya saki igiyar.

"Ukashatu? La ilaha illallahu! Kai ne ka tsufe haka? Ina ka kai haƙoranka?"

Ya tashi da ƙyar ya rungume shi, ya kira a kawo ruwa, ya kakkaɓe masa tabarma. Wannan maraba ta fi wa Ukashatu zafi a kan a ce zaginsa ya yi. Suka gaisa, aka tambayi na gida, aka yi ta'aziyyar waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Ukashatu ya tambaye shi yadda zama ya kasance.

Sallau ya ce, "Alhamdu lillahi, igiya tana ciyar da ni. Uwar 'ya'yana a nan na binne ta. Ɗana Ukasha, takwaranka, ya gaji da kiransa ɗan Mai Juyawa da ake yi, ya bi kogi ya yi kudu, yau shekara goma sha ɗaya. Ban ga laifinsa ba. Bari ma ka ji, sau uku fataken ƙasar nan suna zuwa har nan su ce sun ji na san hamada, in ja su. Na ukun har da raƙumi suka zo, fari sol, suka ɗaure shi a jikin ɓauren nan. Na kwana ina jin ƙamshinsa, ƙafata tana ƙaiƙayi. Da gari ya waye na kwance shi na mayar musu. Na ce wanda yake ganin fuskar matacce a rijiya bai kamata a damƙa masa ran mutane ba. Ai ni kullum ina gode maka. Kai ka nuna mini ko ni wane ne, da har yanzu ina yaudarar kaina."

Ukashatu ya kwance farin buzun ya shimfiɗa a ƙasa, ya hau ya zauna. Sallau ya gane shi, ya yi dariya ya ce, "Wannan kuma fa? Tsufa ya fara taɓa ka ne?"

Ukashatu ya ce, "Saurara, Madugu. Ina kare maganarka." Ya kawo masa labarin masu tsaron ƙofa, da Abzinawa, da Ƙofar Yamma, da kwana goma sha biyu.

Idon Sallau ya buɗe, ya doki cinya ya ce, "Ƙofar Yamma! Kai! Tsaya tukuna, kada ka yi saurin cin nasara. In rigima ce da wasu mutane ta sa suka kauce fa?"

"Da sun shigo da masu rauni, ko da labarin yaƙi. Ba ko ɗaya."

"In kasuwar yamma suka biya don su sayar da wani abu fa?"

"Da kayansu sun ragu. Dabinonsu cif ya iso. Kuma na tambayi shugabansu da bakina, ya ce a shekarar ko tsuntsu bai sha a Ƙaho ba."

Sallau ya ƙyalƙyale da dariya har da tari, hawaye suna zuba. Ya ce, "Wallahi hujja ce! Dubi yadda ta zauna daram, ba ta girgiza. A bakin ƙofa take, ni ina can ina ɗanɗanar ruwa! Kai, Ukashatu, har yanzu kana nan da kanka. Na rantse na yi shekara ashirin ban ji daɗi irin na yau ba." Ya share ido da bakin riga, yana ta maimaita Ƙofar Yamma. Can sai ya ce, "To yaushe ta faɗo maka? Bana?"

Ukashatu ya ce, "A ranar. Ina kan buzun nan, kana gabana."

Dariyar ta ɗauke. Sallau ya dube shi, ya dubi buzun, ya dubi hannuwansa da kaba ta tsattsaga. Ya jawo igiyar ya maƙala a yatsa, amma bai tufka ba.

Ukashatu ya faɗa masa saƙon Sarki, doki da alkyabba da gida da sarauta. Ya ce, "Ka yafe mini, Sallau, don girman Allah."

Sallau ya ce, "Kora ba komai ba ce, ƙasar Allah da faɗi. Da ka kayar da ni da ƙarya na tafi ina sane da gaskiyata, da na ja ayari goma a nan, da ɗana yana gabana. Amma ka bar ni na yarda. Shekara ashirin da shida ina kwana da matsoraci ina tashi da shi, ashe ba ni ba ne." Ya numfasa. "Na yafe maka, don ni ma ina so Allah ya yafe mini. Ka gode wa Sarki, ka mayar masa da dokinsa, ba ni da inda zan je da shi. In yana son yi mini alheri, a bi kogi a nemo ɗana a faɗa masa."

Ukashatu ya ce, "Za a yi, ko da ƙafata ne. Ni kuma ba ni da sauran aiki a fada. Ka bar ni in kafa bukka a nan kusa da kai, mu ƙarasa 'yan kwanakinmu muna gardama kamar da."

Sallau ya girgiza kai a hankali. Ya ce, "Da wa? Ai gardama sai da wanda in ya ce bai ga hujja ba, ka yarda da shi."

Ya sunkuya ya ci gaba da tufkarsa. Ukashatu ya naɗe buzun, aka kama shi aka ɗora a doki.

Daga nan gara ta cinye sauran takardar, ban san ko an sami ɗan ba. Ni dai duk sanda na kai wurin nan sai na rufe littafin, don ni ma na sha cin gardamar da na san ba ni da gaskiya, na koma gida ina fara'a. Wanda ya zauna muhawara ya tashi yadda ya zauna kullum, a bincike shi, wataƙila akwai abin da yake haɗiyewa. Wanda kuwa hujja ta kayar ya tashi yana murna, a riƙe shi da kyau, irinsu ba su da yawa. Allah ya ba mu ikon cewa "ka fi ni gaskiya" tun mai gaskiyar yana da sauran abin da zai yi da ita.